Farar Ƙasa Muke Sayarwa, Ba Farar Kasa Ba!

'Yan'uwa marubuta, tun da ChatGPT ta fito a Nuwamban 2022 wasu daga cikinmu suke ta guɗa, wai an huta, ƙirƙirarriyar basira za ta riƙa rubuta wa 'yan kasuwa talla, mu koma gefe mu yi kallo. Wai shin masu wannan murna sun taɓa tsayawa sun tambayi kansu wa aka ƙera wa waɗannan manhajoji?

Buɗe ɗaya ka gani. Abin da zai fara tarbarka akwatin rubutu ne, da umarni cikin Turanci, sai jerin salo ka zaɓa: na ofis, na raha, na zumuɗi. To dillalin shanu a kasuwar Sheme ta Faskari, wanne zai danna? Mutumin da duk cinikinsa da baki yake yi, ko a WhatsApp saƙon murya yake turawa, shi aka ce ya zauna ya yi ta latsa haruffa! Kuma tallar da na'urar ke fitarwa ta mai kanti ce, farashi a yanke, hanzarta ka saya kafin ya ƙare. Mu kuwa a nan taya ake yi, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, a ja, kafin a sallama. Babu gurbin wannan a tsarin nasu, domin ba a tambaye mu ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne lanƙwasa. Allon rubutun wayoyi da yawa ba ya nuna ƙ, ɗ da ɓ sai an nemo su, manhajar kuma ba ta gargaɗi idan an bar su. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa. Cire lanƙwasar nan guda, ka ga mutum yana tallar farar kasa, macijiya ke nan! Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara tun 2013, saboda haka ba wanda zai ce harshen baƙo ne a wajen masu na'ura.

Sannan duk abin sai da intanet. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, aka shafe watanni. Da na'ura muka dogara, da wa zai yi shelar kaya?

Ni ban ce a jefar da ita ba. Amma marubucin da ɗan kasuwa ya biya don ya rubuta masa tallar rediyo, ya je ya kwaso Hausar na'ura ya miƙa ba gyara, ya ci amana, ya kuma koya wa mai kuɗin cewa gobe ba ya bukatar marubuci. Reshen ƙungiyarmu ya sa wannan batu a zama na gaba: mu tattara irin kurakuran nan, da misalan tallar kasuwa ta gaskiya daga bakin masu ita, mu aika wa masu ƙera manhajojin da sunan ƙungiya.