Malam, Ka Manta da 'Yan Rohingya

Na karanta maƙalarka, Malam, inda ka ce addinin Buddha ne ya fi kowanne rashin cutar da al'umma, wai mabiyansa ba su san komai ba sai zaman tunani da tausayin dabbobi. To, wa ya kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 daga Myanmar zuwa Bangaladash a 2017? Sojoji ne, amma malaman Buddha irin su Wirathu sun riga sun share musu hanya da wa'azin ƙiyayya. Mu ma Kanawa mun ga Maitatsine a 1980, ba labari aka ba mu ba. Kowane mai wa'azi, in ya samu makami ko gwamnatin da za ta tsaya masa, sai a yi hattara. Ka sake rubutun, Malam, ka fara daga sansanin 'yan gudun hijirar Rohingya na Kutupalong.