MU ƊAGA KAI SAMA: Sawun taurarin da aka cinye



Wancan wata mun yi maganar farar hanyar nan da ke ratsa sama in dare ya yi duhu babu wata. Mun ce ba hayaƙi ba ne, taron taurari ne fiye da miliyan dubu 100, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikinsu. To, wani makiyayi ya tambaye ni a aji: «Malam, wannan babban garke, duk haihuwar gida ne?» A'a. Da baƙi a ciki.

Kewaye da babban garkenmu akwai ƙananan garkunan taurari. In ƙarami ya matso kusa, ƙarfin jan babban sai ya riƙa fizgar taurarinsa kaɗan-kaɗan. Ku tuna buhun gero da ya huje bisa jaki. Jaki na tafiya, gero na zuba. Mai bin sawu zai gane inda jakin ya bi. Haka taurarin da aka fizge suke yin dogon layi a sama.

A shekarar 1994 masana uku a Ingila, Ibata da Gilmo da Irwin, suka gano wani ƙaramin garke da ake kira Sajitariyus. Ana cikin cinye shi. Layin da ya zubar ya zagaye babban garkenmu.

Yaya ake gane baƙon tauraro? Makiyayi yakan gane saniyarsa a kasuwa ta shaida da tafiya. Masana ma haka. Taurarin layi ɗaya hanyarsu ɗaya, kuma galibi ƙarfen da ke cikinsu bai kai na ranarmu ba. A 2013 ƙasashen Turai suka harba na'urar Gaya sama. Kafin ta daina aiki a 2025, ta auna taurari fiye da miliyan dubu. Da wannan awo, a 2018, wata masaniya, Amina Helmi, da abokan aikinta suka nuna cewa garkenmu ya haɗiye wani garke wajen shekara miliyan dubu 10 da suka wuce.

Kada wannan ya tsorata kowa. Tsakanin tauraro da tauraro akwai nisa ƙwarai, da wuya su yi karo. Ido ma ba ya ganin waɗannan layuka, sai da na'ura da lissafi.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba Kaza da Ƴaƴanta. Mai tambaya ya rubuto da hannunsa.