Daren Moduganari Ba Ya Bukatar Kala

Duk matashin da ya taɓa kafa kyamara a bakin titi a unguwar Moduganari ta Maiduguri bayan isha'i ya san wannan ciwon kan. Fitilar sola tana zubo farin haske mai ratsin shuɗi, ƙwan mai shayi ja-ja ne, wutar mai tsire kuma sai rawa take yi. Kyamara mai araha ba ta iya sasanta su. Fuskar jarumi sai ta fito rabi kore rabi ruwan goro, duhun bayansa ya cika da ɗige-ɗige.

Maganin da 'yan fim ke rainawa shi ne a cire kalar baki ɗaya. Da zarar an yi haka rigimar fitilun ta mutu, ɗige-ɗigen ma sai su zama ado.

Masu cewa wannan koma-baya ne su nemi Mami Wata na C.J. Obasi, wanda ya fito a 2023. A gaɓar teku aka ɗauke shi a Jamhuriyar Benin, baƙi da fari, kuma dare ya ci kaso mai yawa a cikinsa. Farin kwalliyar da aka zana a fuskokin 'yan wasan yana walƙiya a kan baƙar fata. Mai ɗaukar hoton, Lílis Soares 'yar Brazil, ta karɓi lambar yabo ta musamman a bikin Sundance na Amurka, Najeriya kuma ta tura fim ɗin gasar Oscar.

Maƙwabta sun daɗe da shiga wannan makaranta. Cabascabo na Oumarou Ganda ɗan Nijar baƙi da fari ne, kuma an nuna shi a Cannes a 1969. Kannywood kuwa da kala ta buɗe ido, tun Turmin Danya a 1990, ta kuma sha nonon finafinan Indiya. Shi ya sa har gobe darakta ya fi damuwa da launin leshi a kan inda inuwa ta faɗi.

Maiduguri na da labaran dare jingim: shekarun dokar hana fita, duhun da ya biyo bayan fasa turakun lantarki a hanyar Damaturu a 2021, da ruwan madatsar Alau da ya shigo wa mutane suna barci a Satumban 2024.

Sai dai aikin cire kala ya wuce danna maɓalli a wajen tace fim. Jar atamfa da koriya na iya fitowa toka iri ɗaya, don haka sai an gwada kaya a kyamara kafin ranar ɗauka. Fitila ɗaya daga baya ko daga gefe ita ke raba mutum da duhu. Ta gaba ƙuru-ƙuru tana shafe fuska. Don samar da dare, wasu kan ɗauka da rana, su sa jan gilashi a bakin kyamara, su rage haske, shuɗin sama ya koma baƙi. A Borno wannan dabara ba ta ci lokacin hunturu, don ƙura ta riga ta mayar da sama fara fat.