GYARAN GIDA: Tsohon Fenti da Tsatsa

Wata mai karatu ta rubuto mana daga Tarauni a kan adakar ƙarfe da ta gada wurin mahaifiyarta. Fentin ya dushe, tsatsa ta fito ɗigo-ɗigo. Wani mai fenti a Gyadi-Gyadi ya ce a kankare duka a fesa sabo, ita kuwa furannin da aka zana a jiki take ƙauna.

'Yar'uwa, kada ki yarda a kankare. Tsohon fenti, muddin yana manne, yana tsare ƙarfe daga ruwa da iska, su ne kuwa ke haifar da tsatsa.

Da fari ki wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi. Ban da toka, ban da yashi. Kada ki goge ƙurar hunturu a bushe, gama tana ƙarce fenti. Sa'an nan ki ɗiga ruwan lemun tsami a kan tsatsar kaɗai, ki ba shi 'yan mintoci, ki murza a hankali da jiƙaƙƙiyar samfefa mai laushi. Ki ɗauraye sosai, domin tsamin da ya saura kan jawo sabuwar tsatsa. Ki shanya ta bushe sarai, ki shafa kakin zuma kaɗan, ki goge. Za ki ga launin ya farfaɗo. Ki maimaita shafin kowace shekara kafin damina ta kankama a watan Yuni, ki kuma ɗora adakar a kan katako, kada ta zauna a ƙasa. Haka ake yi wa gadon ƙarfe da ƙyaure.

Ga gargaɗi. Fenti na dā sau da yawa akwai dalma a cikinsa, garinsa kuwa guba ne, ya fi cutar yara da masu juna biyu. A 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara. Saboda haka kada a kankare fenti a bushe, kada a ƙona shi. A yi aikin a waje, nesa da murhu da yara, a kwashe dattin, a wanke hannu.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.