Littafin Yara Ba Mumbari Ba Ne

Kowace shekara idan an koma makaranta, nakan karɓi ƴan ajin farko na kwaleji a nan Gaya, in miƙa wa kowannensu littafi, in ce ya karanta mini layi biyu. Abin da nake gani ya daina ba ni mamaki, amma bai daina ba ni takaici ba. Yaro ya shekara shida a firamare, sai ka ga ya riƙe littafi kamar wanda aka damƙa wa garwashi. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare, waɗanda suke karatu da fahimta ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya sami wajen uku cikin goma. Mun saba ɗora laifin a kan cunkoson aji da ƙarancin malamai, kuma gaskiya ne. To, amma akwai laifin da yake namu ne, mu malamai da marubuta da ƙungiyoyin raya al'adu: ba mu taɓa sa wa ƙaramin yaro littafin da zai so a hannunsa ba.

Ba yau aka fara koyarwa da harsunanmu ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram. Dokar tsarin ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa matsayi a cikin aji, a 1999 aka tsaida ƙa'idojin rubutunsu, a watan Maris na 2025 kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Madalla. Amma mai karatu ya zaga kasuwar Gaya, ya duba abin da ake shimfiɗawa na littattafan Hausa da suke shigowa daga Kano da Sakkwato ta Kamba. Zai sami littattafan addini da na soyayya, idan ya yi sa'a ya sami Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda tun shekarun 1930 yake ciyar da mu. Duka waɗannan na wanda ya riga ya iya karatu ne. Ɗan shekara uku fa, me aka ajiye masa?

Abu biyu ne suke isa gare shi, idan ma sun isa. Na farko shi ne kwalin sadaka daga Turai. Wata shekara wata ƙungiya ta kawo irinsa a makarantar renon da ƴata take zuwa. Aka yi jawabi, aka ɗauki hoto, aka kulle littattafan a cikin kabad don kada yara su yaga, har gara ta riga su karantawa. Ba na ƙin littafi don ya zo daga waje. Ni malamin Faransanci ne. Littafin nan na Eric Carle na 1969, na tsutsa mai yunwa da take huda shafi bayan shafi, an fassara shi cikin harsuna fiye da sittin, domin yunwa da ƙirga ba su da ƙabila. Abin da nake ƙi shi ne a kwaso abin da wasu suka gaji da shi, a cikin harshen da uwa ba ta ji, a ce mana ai da babu gara ba daɗi.

Na biyu ya fi muni, domin mu ne muke rubuta shi da hannunmu: littafin faɗakarwa. Kun san shi. Ali yaron kirki ne, yana wanke hannu. Audu ba ya jin magana, bai wanke hannu ba, sai ya kamu da zawo. A shafi na ƙarshe an rubuta darasi da manyan baƙaƙe, a ƙasa kuma tambarin wanda ya ba da kuɗi ya fi kan Ali girma. Wanke hannu abu ne mai kyau, ba mai musu. Sai dai yaro ya gane inda aka dosa tun daga shafi na biyu, kuma babu dalilin da zai sa ya ce a sake karanta masa. Littafin da ba a ce a sake ba kuwa ya mutu. Abin da yaron ya koya a ciki shi ne cewa littafi ma wani babba ne mai faɗa, kamar sauran manyan da suka kewaye shi. Wannan darasin ne yake zuwa mini da shi kwaleji.

Na san abin da wasu abokan aikina za su ce: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma tatsuniyoyinmu ma ai tarbiyya suke koyarwa. Ina roƙonsu su tuna daren da suka zauna gaban kaka. Gizo maƙaryaci ne, maci amana, mai haɗama, amma shi muke jira. Kaka ba ta tsayawa a tsakiyar labari ta yi mana huɗuba. Takan bar Gizo ya faɗa ramin da ya gina, mu yi dariya, mu yanke hukunci da kanmu, ta ce ƙurunƙus. Tana maimaita waƙar cikin tatsuniya sau uku, sau huɗu, har mu karɓe ta daga bakinta. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba ta san sirrin da masu taron ƙara wa juna sani a Yamai suka manta.

To, mene ne littafin yara nagari? Bari in kwatanta da abin da ke ƙofar gidanmu. A ce yaro ya sayo karan rake mai gaɓa biyar a kasuwa. A hanya ya gamu da kakarsa, ta karɓi gaɓa ɗaya. Shafi na gaba, mai jirgi a bakin kogi ya karɓi ɗaya. Kowane shafi jimla guda ce, kusan iri ɗaya da ta baya, sai suna da adadi suke sakewa, rake kuwa yana gajarta a idon mai kallo. A bayan yaron akwai wata akuya da take binsa tun daga kasuwa, wadda rubutun bai ambace ta ba ko sau ɗaya. Babba yana bin baƙaƙe ba zai lura da ita ba, ɗan shekara uku ne zai sa yatsa ya ce ga ta nan kuma. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A cikin littafin hoto kam, sau da yawa yaron ne yake riga mu gani, kuma wannan nasarar ce take maido shi. Idan gaɓa ɗaya ta rage, me zai yi da ita? Dole a juya shafi. Ɗan shekara shida kuwa, da ya ji jimlar sau biyar, zai fara gane kalmar rake da idonsa, ya ce shi ma ya karanta. Ga ƙirga, ga kyauta, ga karatu, ba tare da an hau mumbari ba.

Saura aikin hannu, wanda muke rainawa. Takarda ta yi kauri, domin yaro zai ja, zai lanƙwasa, zai sa a baki. Baƙaƙe su yi girma, kuma ɓ da ɗ da ƙ da ƴ su fito da lanƙwasarsu, kada yaro ya fara karatu da rikita ƙasa da kasa. Mai zane kuma ya zama ya taɓa ganin giginya, ya san yadda mace take goyo. A gari irin namu hoto yana da wani aiki da ya wuce ado. Yaran Gaya suna tashi da Dandanci da Hausa da Fulatanci da Cangawanci. Uwar da ba ta iya karatu ba, idan zane ya ɗauki labarin, za ta ba da shi da harshenta, ɗanta yana kan cinyarta. Ta haka ɗaukakar Hausa ba za ta zama rufe bakin maƙwabta ba.

Za a ce ba kuɗi. A ƙetaren kogin nan, a Kwatano, Béatrice Lalinon Gbado ta kafa kamfanin Ruisseaux d'Afrique a 1998 don littattafan yara, kuma Benin ba ta fi mu rijiyar mai ba. Za a ce aikin ƙananan marubuta ne. Boubou Hama yana shugabancin Majalisar Dokoki ya zauna da Andrée Clair suka fitar da Le baobab merveilleux a 1971, bai ga girmansa ya faɗi ba. Kuɗin da wata ƙungiya take kashewa a riguna da huluna na bikin yini ɗaya, da an ba mai zane da maɗaba'a, da an ga shafi goma sha shida.

Shawarata ga ƙungiyoyinmu ita ce, kafin a kai kowane littafin yara maɗaba'a, a bar kwamiti gefe, a tara yara biyar a inuwa a karanta musu. Idan an rufe littafin suka watse, a koma a sake rubutu. Idan ɗaya ya ja rigar mai karatu ya ce a ƙara, a buga. Ku kuma ƴan'uwana malamai, ku buɗe kabad ɗin nan. Littafin da yaro ya yaga ya yi aikinsa, wanda gara ta ci shi ne asara. Tun ran gini ake zane. Allah Ya sa mu gane, Ya raya mana zuriya.