Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Rediyon Kaduna



Tun 1962 gidanku ke taya Arewa hira. Mun tashi muna jin shirin Zaɓi Sonka: a karanta katunan gaisuwa a tsanake, sai kuntigin Ɗan Maraya Jos ko kalangun Shata ya biyo baya. Tela na taka keke, mai shayi na fifita gawayi, kowa ya kasa kunne.

Yau hayaniyar siyasa da talla sun cika yawancin tashoshi. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya a 2015, kuma tsofaffin faya-fayai suna lalacewa. Don Allah ku kwashe waƙoƙin nan zuwa kwamfuta, ku ware mana awa guda kowane dare domin kiɗa mai sanyaya zuciya.

Naku,
Mai sauraro daga Zariya