Fenti ba ya ɗinke janti

Jama'a, ƴan kasuwa maza da mata, yau maganarmu a kan ƙafar mota ce. Wata za ta ce ina ruwan mai saida tumatir da janti, wato ƙarfen da ake ɗaura taya a kansa? Da ruwanki, Hajiya, tunda Arlit ba ta noma abin da za ta ci. Hatsi da albasa da kayan miya a mota suke zuwa, ta hanyar Tawa da Agadas, sauran kaya kuma su gangaro daga Aljeriya ta Assamaka. Ranar da janti ya fashe a daji, tumatirinki ne zai ruɓe a rana.

Hanyar nan da ake kira hanyar uraniyum an gama ta wajen 1980, lokacin da SOMAÏR da COMINAK suke kan ganiyarsu. COMINAK ta rufe a 2021, kwaltar kuwa ta riga ta mutuwa. Kilomita kusan 240 tsakanin Agadas da Arlit, duk wanda ya bi ya san ramukanta.

Ga inda gizo ke saƙa. Yawancin motocin hannu da ake kawowa daga Turai suna zuwa da janti na alminiyam, mai sheƙi, marar nauyi, wanda ya dace da titi mai santsi. Janti na baƙin ƙarfe in ya daki rami lanƙwasa yake yi, a sa guduma a miƙe shi, a ci gaba da tafiya. Na alminiyam sau da yawa tsagewa yake. Sai a kai shi wurin mai walda, a gasa, a like, a goge, a fesa fenti, ya fito kamar sabo. Alhali wuta tana rage ƙarfin alminiyam, kuma tsagar da aka rufe tana nan tana jiran rami na gaba. Mai saida irin wannan ba tare da ya faɗi aibinsa ba, da shi da mai tauye mudu duk ɗaya ne a wurinmu.

Ba mu ce fenti laifi ba ne. Janti da ya kuje ko yashi ya cinye masa fuska, a wanke shi, a goge, a shafa fentin ƙasa, sannan na sama, a bar shi ya bushe inda ƙura ba ta kaiwa. Wannan gyara ne na gaskiya. Wanki kuma ruwa da sabulu sun isa. Masu zuba ruwan batir don ya yi haske, cin ƙarfen suke yi.

Direbobinmu ma da nasu. Ana rage iskar taya don a ƙetare rairayi, sai a hau kwalta ba a mayar da ita ba, ga lodi ya wuce kima. A nan janti ke shan duka.

Saboda haka mai sayen janti ya sa a cire tayar, ya juya cikinsa ya duba, ya shafa da hannu. Inda aka yi walda ba ya ɓuya. Ku kuma masu ba da lodi, kuɗinku ne, kuna da bakin tambayar direba. Wanda ya tsage ya dace a sauke shi, a miƙa wa masu narka alminiyam suna zuba tukwane, su dama nemansa suke.